TASHE DA KAMUN GWAURO: WASAN DA KE JIRAN MAI KOMAWA GIDA A KWADON

Duk shekara in watan azumi ya kwana goma, akwai wani abu da kan faɗo a ran mutumin Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun ko Anaca, ko da kuwa ya yi shekara ashirin rabonsa da gida. Abin nan kuwa shi ne tashe. A Agege ko Sabon Badun, da an idar da sallar asham sai kowa ya koma rumfarsa ko tabarmarsa, ba abin da kunne ke ji sai ƙugin janareta da hayaniyar motoci. A can gida kuwa, a daidai wannan lokaci ne yara ke fitowa ƙungiya-ƙungiya da gwangwanayensu da ƙorensu na kiɗa, suna bin gida-gida, suna kwaikwayon manya, suna tsokanar wanda suka ga dama, ba mai ikon cewa don me.

Wannan wasa ya daɗe ƙwarai, kakanni sun yi, iyaye sun yi, ga 'ya'ya kuma suna yi. Amma yau ya shiga wani hali, domin akwai biranen da hukuma ta kai ga hana shi, akwai kuma garuruwan da ya soma mutuwa da kansa. Saboda haka ya kamata mazauna kudu, waɗanda galibinsu da shi suka tashi, su san halin da yake ciki a ƙananan garuruwa irin su Kwadon ta Jihar Gombe, su kuma san abin da za a rasa in ya tafi.

GARIN KWADON

Kwadon na cikin Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba, wadda hedkwatarta ke Deba. Tana gabas da birnin Gombe, a kan hanyar da ta nufi Dadin Kowa ta zarce Biu, tafiyar 'yan mintoci ce a mota daga birnin. Ƙasar Terawa ce tun asali, amma Fulani da Hausawa da Barebari da sauran kabilu sun zauna an cakuɗa, harshen Hausa kuwa shi ne na kasuwa da na dandali. Dā ƙasar tana cikin Jihar Bauci, har ranar 1 ga Oktoba, 1996, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Gombe.

Wanda ya san kasuwar Mile 12 a Ikko ya san Kwadon ko da bai taɓa taka ta ba, domin gari ne na lambu. Tumatir da albasa da tattasai da attaruhu su ne arzikinta, kasuwarta ta kayan gwari kuwa ta yi suna a jihar. Noman rani ya daɗa ƙarfi a wannan yanki bayan da aka gina madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan kogin Gongola cikin shekarun 1980. Kaya kan bar lambu su shiga kwando da buhu, daga nan su hau mota su nufi kudu, mutane kuma su bi kayansu: dillali, da ɗan kamasho, da direba, da yaron mota, da ɗan dako. Waɗansu kan je su sayar su juyo, waɗansu kan yi wata uku ko huɗu, waɗansu kuwa sai Salla ke kai su gida. Tun zamanin jirgin ƙasa, wanda layinsa ya ratsa Gombe ya isa Maiduguri a 1964, wannan kai-da-kawowa ke ƙaruwa. Saboda haka gida mai ɗa a kudu ba baƙon abu ba ne a wannan yanki, kuma ƙarshen azumi shi ne lokacin da ake zuba ido a ga masu dawowa.

SU WA KE YIN TASHE?

Masana al'ada na cewa kalmar tashe daga tashi ta samo asali, watau tashin mutane su yi sahur. Magidanci yana da matar da za ta tashe shi ta ba shi abinci, amma wanda ba shi da iyali yana iya yin nauyin barci har alfijir ya keto, ya yi ɗore. Sai samari suka riƙa zagayawa da kiɗa suna tada irin waɗannan mutane, suna yi suna zolayarsu. A hankali abin ya bar asuba ya komo bayan shan ruwa da sallar asham, ya kuma yaɗu ya zama wasanni iri-iri. Malam Muhammad Balarabe Umar ya tattara da yawa daga cikinsu a littafinsa mai suna Wasannin Tashe, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1981.

Masu yinsa dā almajiran makarantun allo ne da yaran unguwa. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta a 1976, sa'an nan makarantun sakandare na jeka-ka-dawo suka yawaita a ƙananan garuruwa, sai ya zama yaron da ya sa rigar makaranta da safe shi ne mai ɗaura gemun auduga da dare. Wannan ya kawo sauyi. Ƙungiyar tashe ta dā ta unguwa ce kawai, yanzu kuwa sau da yawa 'yan aji ɗaya ne ko 'yan makaranta ɗaya, masu shirya abinsu tun a lokacin tara, a raba wa kowa aikinsa: wane mai kiɗa, wane mai bayarwa, su wane 'yan amshi, wane kuma mai riƙon jakar da za a zuba abin da aka samu. Manyan aji su ke da jagoranci, ƙanana na riƙe fitila suna koyo, in manya sun gama makaranta sun tafi, ƙananan su gaje su. Ba wanda ya rubuta wannan tsari a littafi, ba kuma shugaban makarantar da ya kafa shi, amma ga shi yana tafiya shekara da shekaru kamar gadon gida.

ABIN DA AKE NUNAWA

Kayan tashe ba saye ake yi ba. Auduga, da tsummoki, da kara, da gawayi, da toka, da tsohuwar rigar baba, da gwangwanin madara da aka rufe bakinsa da leda, shi ke nan an haɗa kayan aiki.

A wasan Tsoho Da Gemu, yaro kan liƙa auduga a haɓarsa da girarsa, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, ya riƙe sanda yana tafiya yana rawar jiki yana tari, sauran na yi masa amshi. Mutanen gida kan yi dariya har su riƙe ciki, amma a ƙarshe abin da wasan ke roƙo shi ne a tausaya wa tsoho a taimake shi. A wasan Jatau Mai Magani, yaro kan rataya jaka cike da saiwoyi da sassaƙe da ganyaye, ya baje su a tsakar gida yana ɗaga kowanne yana faɗin cutar da yake warkarwa. Rabin abin koyar da sunayen itatuwa ne, rabi kuwa shaguɓe ne ga masu tallar magani a kasuwa, waɗanda ƙulli ɗaya nasu ke maganin ciwo arba'in. Akwai wasan da ake yi wa yaro shigar malami, da rawani da allo da carbi, 'yan amshi na tuhumarsa da cewa an gan shi yana rawa, shi kuwa yana rantse-rantse yana musu, har kiɗa ya ratsa shi ya manta da girma ya taka a gaban kowa. Duk wanda ya taɓa ganin mai wa'azin da aikinsa ya saɓa wa bakinsa ya san inda aka dosa. Akwai kuma dokin kara, inda yaro kan yi hawa irin na sarakuna a kan dokin da ya ɗaure da karan dawa.

'Yan mata su ma da nasu. Sukan kifa ƙwarya a cikin kwano mai ruwa suna kaɗawa, sautin na fita da daɗi har bayan katanga. A wasan Mairama Da Daudu, yarinya ɗaya kan sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta yi lulluɓi ta zama amarya, a nuna yadda zaman aure ke tafiya, da haƙƙin da ke kan kowa.

Yaran makarantar boko sun ƙara nasu a kan na gado. Dā ana kwaikwayon duba-gari da mai karɓar haraji, yanzu ana kwaikwayon ɗan sandan da ke tsare hanya, da ɗan siyasa mai alkawarin da ba ya cikawa, da malamin aji mai yawan bulala, da dillalin da ke rantsuwa cewa faɗuwa ya yi alhali aljihunsa ya kumbura. Wanda ya dawo daga Ikko ma bai tsira ba: za a ga yaro ya sa baƙin tabarau da dare, ya rataya rediyo ko ya manna waya a kunne, yana tafiya yana buɗa kafaɗa yana jefa Turancin Buroka da Yarabanci cikin Hausarsa. Jama'a na gani sun san ko wa ake nufi, shi ma mai abin ya sani, ba shi da abin yi sai ya yi dariya ya sa hannu a aljihu. Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, in ji masu iya magana.

Abin da masu gida ke bayarwa dā hatsi ne, gero ko dawa ko masara, da ɗan kwabo ko sisi. Yanzu kuɗi ya fi yawa. In azumi ya zo ƙarshe sai a fasa asusu a raba, ko a haɗa a yi girkin Salla, wani yaron kuwa da rabonsa zai cika kuɗin takalmi ko hula.

IGIYAR GWAURO

Duk cikin wasannin nan ba wanda ya kai kamun gwauro sa manya ɓuya. A nan ya kamata a bambanta abu biyu da mutane kan haɗa. Gwauro shi ne wanda ya taɓa aure amma yanzu ba mata a ɗakinsa, tuzuru kuwa shi ne wanda ya isa aure, sa'o'insa duk sun yi, shi bai taɓa yi ba. A wurin masu tashe dai duk kanwar ja ce, igiya ɗaya ke kama su.

Inda wannan wasa ya fi ƙasaita shi ne birnin Kano, inda ake da Sarkin Gwauraye mai laƙabin Nalako. Shi da jama'arsa kan fito cikin watan azumi da kiɗa da igiya, su bi unguwa-unguwa suna farautar marasa iyali, wanda aka kama a zagaya gari da shi, har a kai gaisuwa fadar Sarki. A ƙananan garuruwa irin su Kwadon ba a kai ga wannan ƙasaita ba, amma abin ya fi ciwo ta wata fuska, domin a birni mutum na iya sauya unguwa ya ɓace, a ƙaramin gari kuwa kowa ya san ɗakin kowa. Yara sun san wanda matarsa ta yi yaji ba ta dawo ba, sun san wanda ke sayen ƙosai a bakin hanya don ba mai dafa masa, sun san malamin makarantarsu da ke wanke kwanonsa da kansa. Sai su taru a ƙofar ɗakinsa da gwangwanaye su yi ta kiɗa suna kiran sunan gwauro, ba za su tafi ba sai ya fito ya fanshi kansa. Wanda ya kashe fitila ya yi lamo kamar ba ya nan, nasa ya fi tsawo, gobe ma a dawo.

To, a nan ne abin ya shafi mazaunin kudu. Saurayin da ya tafi Ikko da niyyar tara kuɗin aure, shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa, kuɗin lefe da sadaki da kayan ɗaki na gudu yana bin su, in ya iso gida a goman ƙarshe da sabuwar shadda da agogo, shi ne naman farko. Hujjar yara a fili take: mai kuɗin agogo ba ya rasa kuɗin goro. Sau da yawa kuwa iyayensa mata da ƙannensa ne ke tsegunta wa yaran ranar da zai sauka, domin abin da uwa ta yi shekara tana faɗa a waya bai shiga ba, dare ɗaya na gwangwani kan shigar da shi. Dattawa da yawa in ana hira sukan yi dariya su ce kunyar igiya ce ta sa su neman aure bayan Salla.

Amma akwai wani gefe da ya kamata a duba. Ba kowane marar iyali ne ya ƙi aure don ganin dama ba. Wani rashin hali ne, wani matarsa rasuwa ta yi, wani kuma lalura ce da ba ya iya faɗa. Mutanen dā sun san haka, shi ya sa wasan ke da iyaka.

WASA DA ƘA'IDARSA

Baƙo na iya ɗauka tashe hauka ne marar linzami, alhali kuwa yana da dokokin da kowa ya sani. Ba a fita sai an idar da asham. Ba a yin kiɗa a ƙofar gidan da ake zaman makoki ko ake jinyar mai tsanani. Wanda matarsa ta rasu bai daɗe ba, ba a kai masa igiya. Samarin da suka tasa iyakarsu zaure ko ƙofar gida, ƙananan yara da 'yan mata su ke shiga tsakar gida wurin mata. Ba a ɗaukar kayan mutum, ba a zagin iyaye, ba a duka. Wanda ya bayar, kome ƙanƙantar abin, a yi masa addu'a a wuce. Shi kuma wanda aka tsokana, doka ta hana shi fushi. In ya ɗauki sanda ya bi yara, ya jawo wa kansa sunan da zai bi shi har tsufa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Arewa, domin sun saba da wasan da ke tsakanin taubasai, da na jika da kaka, da na kabila da kabila, kamar Fulani da Barebari, da Katsinawa da Nufawa, da Kanawa da Zagezagi, da Gobirawa da Yarabawa. Bagobirin da ke zaune a Badun ya san amfanin wannan, domin sau da yawa magana ɗaya ta wasa kan kashe rigimar da za ta kai ga ofishin 'yan sanda. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Tashe reshe ne na wannan itace: wata ɗaya a shekara ana ba yaro izinin ya faɗa wa babba abin da ba ya iya faɗa a sauran watanni goma sha ɗaya, babba kuma ya nuna girmansa ta hanyar haƙuri da kyauta.

RANI DA DAMINA

Akwai wani dalili da ke sa tashe ya yi armashi a waɗansu shekaru ya yi sanyi a waɗansu, wanda ba kowa ke lura da shi ba. Watan azumi na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, sai ya yi wajen shekara 33 kafin ya zagayo inda ya tashi. A 1980 an ɗauki azumi a tsakiyar watan Yuli, watau tsakiyar damina, lokacin da 'yan ci-rani duk suna gida suna noma, gari cike da samari, sai dai ruwan sama kan kore masu wasa, rumbuna kuma sun yi ƙasa. A 2025 kuwa an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, lokacin da kayan lambu ke tsakiyar fitowa. A irin wannan shekara akwai kuɗi a hannun mutanen gari irin Kwadon, dare kuma garau ba hadari, amma samari da yawa suna kan hanya ko suna kasuwannin kudu, yaran makaranta kuma ga aikin lambu da rana, ga jarrabawar ƙarshen zango a gabansu. Saboda haka dattijon da ke cewa tashen yanzu bai kai na zamaninsu ba yana da gaskiya, amma wani ɓangare na bambancin daga kalanda yake.

BA A ƘASAR HAUSA KAƊAI BA

Mazauna kudu za su so su ji cewa fataken Hausawa na dā ba su bar wasansu a gida ba. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, akwai wasan da ake kira Dodo, wanda yara maza ke yi da dare a watan azumi, suna sa fuskokin dabbobi da suka ƙera da ƙwarya da kwali, suna bin gidaje suna rawa ana ba su kyauta. Masana tarihin birnin sun tabbatar Hausawa 'yan kasuwa ne suka kai shi can a ƙarni na 19, yau kuwa ya zama na 'yan ƙasa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, har gasa ake shiryawa. A Masar akwai mai zagayawa da ɗan ganga yana tada mutane sahur. A Kuwaiti da Katar da Bahrain yara kan bi gidaje a tsakiyar azumi suna karɓar alewa da gyaɗa.

Har a Amurka akwai mai kama da wannan. Makarantun sakandare na can suna da wani mako a farkon shekarar karatu, wajen Satumba ko Oktoba, da tsofaffin ɗalibai ke komowa garinsu a yi wasan ƙwallo da biki, al'adar da jami'o'insu suka fara tun wajen 1910. A ƙananan garuruwa da yawa ɗalibai kan fita da dare a wannan mako su yi wa itatuwan ƙofar gidajen malamansu da abokansu ado da takardar bayan gida, gari ya waye fari fat. Su ma can muhawarar ɗaya ce da ta nan: waɗansu iyaye na cewa mu ma mun yi, a bar yara, waɗansu na cewa abin ya wuce wasa ya zama ɓarna, a kira 'yan sanda.

INDA GIZO KE SAƘAR

Abu na farko da ya raunana tashe shi ne rashin tsaro. Tun wajen zaɓen 2003 Gombe ta sha fama da 'yan Kalare, matasan da 'yan siyasa suka riƙa amfani da su, waɗanda ƙungiyar Human Rights Watch ta yi bayaninsu a rahotonta na 2007. Bayan haka ga rikicin Boko Haram: a watan Fabrairu na 2015 mahara sun kai hari birnin Gombe, sa'an nan ranar 16 ga Yuli na shekarar, ana jajiberin Salla, bama-bamai suka tashi a babbar kasuwar birnin suka kashe mutane da dama masu sayayyar Salla. Uban da ya ga irin wannan ba zai yi saurin barin ɗansa ya fita yawon dare da fuska a rufe ba, ko bayan ƙura ta lafa.

Na biyu, ɓata-gari sun gane cewa taron yara da dare mafaka ce. Sai su saje da masu tashe da wuƙa a ƙugu, su ƙwace wayar mai wucewa, ko ƙungiyar wata unguwa ta tare ta wata a rama tsohuwar gaba. Wannan ne dalilin da rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta bayar sa'ad da ta sanar da hana tashe a azumin 2024. In birnin Nalako kansa ya kai ga haka, ƙananan garuruwa sai su shiga taitayinsu. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Na uku, akwai malaman da ke ganin kiɗa da cakuɗar samari da 'yan mata da dare bai dace da alfarmar watan ba, musamman a goman ƙarshe da ake son a duƙufa ga tahajjudi. Waɗansu malaman kuwa na ganin wasan yara ne mai koyar da tarbiyya, abin da ake bukata kawai a tsabtace shi. Iyaye da yawa na tsakiya, suna barin ƙanana su yi a ƙofar gida, suna hana waɗanda suka tasa.

Na huɗu sabo ne, shi ne wayar hannu. Dā in an kama gwauro, kunyarsa a bakin ganuwar gari take tsayawa, gari ya waye an manta. Yau kafin a kwance masa igiya wani ya ɗauki hotonsa ya sa a Facebook ko TikTok, abokan sana'arsa a Mile 12 sun gani, iyayen yarinyar da yake nema a wani gari sun gani, kuma abin ba ya gogewa. Dokar da ta ce kada wanda aka tsokana ya yi fushi an yi ta ne don wasan dare ɗaya a gaban 'yan'uwa. In wasa ya zama tozarci na har abada a gaban duniya, ba a yi wa mutum adalci ba in an ce ya haɗiye.

GYARA KO HANI?

Hani yana da sauƙi, sanarwa ɗaya ce a rediyo. Amma yaron da aka hana tashe ba masallaci zai wuce kai tsaye ba, wani lungu zai nema, inda ba babba mai ganinsa. Ƙaramin gari kuwa yana da abin da birni ba shi da shi, watau sanin juna. Mai unguwa a Kwadon na iya sanin shugaban kowace ƙungiya da sunan ubansa, ya sa lokacin tashi, ya ce kowace ƙungiya ta tsaya a unguwarta, wanda aka gani da makami kuma a kai shi gaban hukuma shi kaɗai, ba a haɗa da sauran yara ba. Makarantu na iya ɗaukar darasi daga Wagadugu su shirya gasar tashe a filin makaranta da la'asar, malaman Hausa su zama alƙalai, tun da ma wasannin gargajiya na cikin abin da ake koyarwa a darasin Hausa. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda da yawa daga 'ya'yansu ke kudu suna kuma taruwa a gida lokacin Salla, ba za su gaza sayen kyautar littattafai da sabulu ga ƙungiyar da ta yi fice ba. Maganar hoto kuwa doka ɗaya ta isa: ba a ɗaukar wanda aka kama sai da yardarsa.

Akwai kuma aikin da ke kan mazauna kudu a inda suke. Unguwar Sabo ta Badun an kafa ta tun 1916, akwai gidajen da aka haifi kaka da uba da jika duk a can. Haka abin yake a Agege da Shagamu. Yaron da ya tashi a irin waɗannan wurare, in bai taɓa liƙa gemun auduga ba, akwai wani yanki na Hausarsa da bai samu ba, domin a tashe ne ake koyon habaici da zambo da sanin inda wasa ke tsayawa. Sarakunan Hausawa da malaman Islamiyya na waɗannan unguwanni na iya keɓe dare ɗaya ko biyu a tsakiyar azumi, a harabar makaranta ko ƙofar fada, yara su yi iyaye su kalla. Abin da fatake suka iya kaiwa Wagadugu da jaki bai kamata ya gagari jikokinsu masu tirela ba.

Shi kuwa saurayin da ke shirin hawa motar Gombe a goman ƙarshe, alhali har yanzu ba a kai kuɗin gaisuwa ko'ina ba, shawara ɗaya ce: ya nemi canji ya cika aljihu tun daga tasha, ya kuma bar fushi a Ikko. In ya ji gwangwani a ƙofar ɗakinsa, ya fito da fara'a ya sallami yara, domin shaida ce cewa har yanzu garin na lissafa shi cikin 'ya'yansa. Allah ya sa baɗi war haka a tarar da labule a ƙofar ɗakin, amin.